An Ceto Rai, An Watsar Da Mutum

"Mun yi iyakar namu. Ku tafi da shi gida, ku riƙa kawo shi gashi." Da wannan magana ake sallamar iyalai a asibitocinmu kullum, kuma babu wanda yake jin nauyinta a bakinsa. Wanda ake cewa a tafi da shi ɗin, saurayi ne da ya faɗo daga kan babur kansa ya daki kwalta, ko magidancin da hawan jini ya kayar ɓarin jikinsa ya shanye, ko yarinyar da zazzaɓin cizon sauro ya hau mata ka. Ya farfaɗo daga doguwar suma, wannan gaskiya ne. Amma in ya kurɓi ruwa sai ya ƙware, ba ya riƙe fitsari, ya kalli matarsa ya kasa tuna sunanta, ga roba a hanci ga roba a mafitsara. A haka za a turo shi a keke zuwa bakin ƙofa, a cicciɓe shi a sa a A Daidaita Sahu, a rubuta a fayil cewa ya samu sauƙi an sallame shi.

Wane sauƙi? Mutumin nan bai mutu ba ne kawai. Mun mayar da rashin mutuwa warkewa, kuma wannan ƙaryar da muke yi wa kanmu tana cinye rayuwar mutanen da za su iya miƙewa su koma kasuwa, su koma aji, su koma gona.

Fushina ba da likitan da ya rubuta takardar sallama yake ba. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Arewa 'yan ƙalilan ne, kuma abin da suke yi ya wuce a raina. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ta horar da likitoci masu yawa. A Kano da Shika da Abuja ana buɗe ƙoƙon kai cikin dare a kwashe jinin da ya taru ya danne ƙwaƙwalwa, mutum ya tashi. Likitan nan yana da gado ɗaya da majinyata uku suna jiransa a ɗakin taimakon gaggawa. Dole ya sallami wani. Laifin yana kan waɗanda suka tsara harkar lafiyarmu ta yadda daga gadon tiyata sai tabarmar gida, babu zango a tsakani.

Zangon nan da ya ɓace shi ne ɗakin farfaɗowa na kwana: sashe a asibiti inda mai raunin ƙwaƙwalwa zai kwanta makonni, wani lokaci watanni, bayan an gama ceton ransa, ana koya masa rayuwa daga farko. A can akwai mai gashin ƙashi da zai koya masa zama, da tsayuwa, da ɗaga ƙafa. Akwai mai koyar da magana da haɗiya, wanda zai gwada ko kunu zai wuce lafiya ko huhu zai zarce, ya kuma zauna da shi kullum har kalmomin da suka maƙale su fara fitowa. Akwai mai koyar da ayyukan yau da kullum: yadda zai sa riga da hannu ɗaya, yadda zai shiga banɗaki, yadda zai yi alwala, yadda zai ƙirga canji. Akwai masanin halayyar ɗan Adam da zai duba mantuwa da saurin fushi da baƙin cikin da ke biyo bayan irin wannan rauni. Akwai nas-nas da suka san juya marar lafiya duk bayan awa biyu don kada bayansa ya rube. Akwai likitan da ke lura da farfaɗiya da hawan jini da magunguna. Dukkansu suna zama tare su tsara buri ɗaya: nan da mako biyu ya zauna da kansa, nan da wata guda ya ci abinci da hannunsa.

Wannan tsari ya daɗe da wuce gwaji. Tun shekarun 1990 bincike a kan bincike ya nuna cewa masu shanyewar ɓarin jiki da aka kwantar a sashe na musamman, inda ƙwararru ke aiki tare, sun fi rayuwa, sun fi komawa gidajensu, sun fi iya yi wa kansu hidima, a kan waɗanda aka kwantar a ɗakin gama-gari. A Amurka, ƙa'idar irin waɗannan asibitoci ita ce majinyaci ya samu horo na awa 3 a rana, kwana 5 a mako. A 2023 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da irin wannan shawara ga masu shanyewar ɓarin jiki. Awa 15 kenan a mako. Namu majinyacin, in Allah ya sa iyalinsa na da kuɗin mota da kuɗin kati, zai samu gashi na ɗan lokaci sau ɗaya ko sau biyu a mako, bayan ya sha layi tun safe. In daga ƙauye yake, sau biyu za a kawo shi, a na uku kuɗi ya ƙare.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokaci. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana iya buɗe sababbin hanyoyi, wani ɓangare ya ɗauki aikin da wani ya ajiye, amma sai an matsa mata da maimaici, kuma ta fi saurin yin haka a watanni uku zuwa shida na farko. Ana ci gaba da samun sauƙi bayan nan, sai dai a hankali. To waɗannan watanni masu daraja su ne daidai lokacin da majinyacinmu yake kwance a ɗaki an rufa masa zane ana jiran ikon Allah. Kamar manomi ne ya yi huɗa ya zuba iri ya sa taki, sannan ya naɗe hannu duk damina ya ƙi noma, kaka ta yi ya ce gonar ce ba ta da albarka. Mun kashe kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, da kuɗin tiyata, da kuɗin ɗakin kulawa ta musamman, dangi sun sayar da fili da shanu, sai a kan gaɓar da za a ci moriyar wannan wahala mu janye.

Ku biyo shi gida ku gani. Babu wanda ya gwada haɗiyarsa, don haka uwa mai tausayi za ta ɗura masa koko yana kwance, kokon ya sauka a huhu, bayan kwana kaɗan zazzaɓi da tari su taso, ciwon huhu ya kashe shi, a ce kwana ne ya ƙare. Babu wanda ya nuna musu yadda ake juya shi, sai gyambo ya ɓulle a ƙugu da dunduniya ya ci nama har ƙashi. Hannun da ya shanye, in ba a miƙe shi kullum, sai ya lanƙwashe ya ƙage, yatsu su dunƙule, ta yadda ko ƙarfi ya dawo babu abin da zai iya yi da shi. Kafaɗar da ake ja a ɗaga shi da ita sai ta goce. Robar fitsarin da ya kamata a canza sai ta yi watanni, cuta ta bi ta har ƙoda. Duk waɗannan an san su, an san yadda ake kauce musu, kuma kauce musu ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Ilimi yake bukata da hannun da ya iya.

Kuma wa muka ɗora wa wannan kaya? Mata. Matar da ba a taɓa koya mata komai a kan jinya ba, rana ɗaya ta wayi gari ita ce nas, ita ce mai gashi, ita ce mai ɗaga namiji mai nauyi daga katifa zuwa bayan gida, ita ce kuma mai neman abin da za a ci tunda mai nemowa ne a kwance. 'Yar da ke aji uku a sakandare sai a cire ta ta taya uwarta. Dangi za su yi zuwa na mako biyu, a yi "sannu, ya mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi," daga nan ƙafa ta ɗauke. In gyambo ya fito, ita za a zarga da sakaci. In ta gaji ta yi kuka, a ce ba ta da haƙuri. Gwamnati ta sauke aikin ƙwararru shida a kan mace ɗaya, ba horo, ba albashi, ba hutu, sannan mu kira wannan zumunci. Zumuncinmu abin alfahari ne, amma an mayar da shi mafaka ga hukumomin da suka ƙi yin aikinsu.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani, shi ne ya fi wulaƙanta mutum. Wani zai tashi yana tafiya da ƙafarsa, kowa ya ce ya warke sarai. Amma gaban ƙwaƙwalwarsa, inda kunya da haƙuri da tsara al'amura suke, ya taɓu. Mutumin da aka sani da kawaici sai ya koma zagi, ya ɗaga hannu ga 'ya'yansa, ya manta abin da aka faɗa masa yanzu, ya ɓarnatar da jarinsa a mako guda. Da an kwantar da shi a inda ya dace, da an zaunar da iyalinsa an ce musu: wannan daga buguwar ce, ga yadda za ku bi da shi, ga maganin da zai taimaka. Da yake babu mai faɗa, sai a ce iska ce, a ce jifa ne, a ce kishiya ce ko abokin kasuwa. A zaga da shi gidan wannan da gidan wancan, hayaƙi da turare, kuɗi na tafiya, aure na mutuwa. In ya gagara, a rufe shi a ɗaki ko a ɗaure. Mun ga abin da aka bankaɗo a gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019, mun san inda al'ummarmu ke kai mutumin da ta rasa yadda za ta yi da halinsa. Addu'a wajibi ce a kanmu, kuma ba ta taɓa hana neman magani ba. Wanda ya ce wa iyali su zauna su yi addu'a kawai alhali akwai abin yi, ya cuce su.

Kada wani ya ce mutanen nan 'yan kaɗan ne. Ku dubi hanyoyin da raunin ƙwaƙwalwa ke shigo mana. Ga babura a kowane lungu, mutum uku ko huɗu a kan ɗaya, babu hular kwano. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular a watan Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su tsere wa kamu, daga baya dokar ta bi ruwa. Ga hawan jini: binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna shi ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma yana kayar da mutanenmu suna tsakiyar ƙarfinsu. Ga sanƙarau, da ya yi ɓarna a 1996 ya sake yi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, wanda ke barin wasu da kurumta da farfaɗiya. Ga gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, ta bar wasu da ƙwaƙwalwa a lalace. Ga harsashi da sara da duka daga 'yan bindiga da masu ƙwacen waya, ga sojojinmu da ke dawowa daga fagen daga da raunin bam. Muna ƙirga gawa a jarida, mu manta da wanda ya tsira.

Manyanmu kuwa sun san darajar wannan jinya sarai. A ƙarshen Disambar 2017 ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya yi haɗarin babur a Abuja ya bugu a ka. Aka yi masa aiki a gida, daga baya aka fita da shi waje, ya dawo a watan Maris 2018 da ƙafarsa. Na yi murna da samun lafiyarsa, kuma kowane uba mai hali haka zai yi wa ɗansa. Tambayata ita ce: bayan masu mulki sun ga abin da kulawa ta gari ke yi wa kan da ya bugu, me suka gina wa ɗan mai shayi da ya faɗi a kan titi irin wannan a daren? A Amurka an harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords a ka ranar 8 ga Janairu 2011. Ta yi kusan wata biyar a kwance a asibitin farfaɗowa na TIRR da ke Houston, ana koya mata tafiya da magana, har da amfani da waƙa. A ranar 1 ga Agusta na shekarar ta shiga majalisa ta kaɗa ƙuri'a. Har yau maganarta ba ta dawo daidai ba, hannunta na dama bai dawo ba, amma tana tsayawa gaban jama'a ta yi jawabi. Da a nan ne, da an ce wa mijinta ya tafi da ita gida ya riƙa kawo ta gashi.

Alƙawura kuwa ba su yi mana kaɗan ba. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta cika ba. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin bunƙasa farfaɗowa zuwa 2030, a watan Mayun 2023 babban taronta ya zartar da ƙuduri cewa farfaɗowa ginshiƙi ne a tsarin lafiya. Muna da hukumar da ke yi wa masu aikin farfaɗowa rajista tun 1988. Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i suna yaye masu gashin ƙashi duk shekara, da yawansu su yi ta yawon neman aiki har su gaji su tafi Birtaniya ko Saudiyya. Takarda ta cika, ƙwararru na ficewa, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya yake fita, gadon farfaɗowa kuma shiru.

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi, ga mata na mutuwa wurin haihuwa, ga yara na fama da tamowa. Waɗannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a rage musu. Amma gwamnonin da ke zuba biliyoyi a gadojin sama da sababbin gidajen gwamnati da jerin motocin rakiya ba su da bakin cewa ɗaki mai gado 20 ya fi ƙarfinsu. Me ɗakin yake bukata? Gadaje da katifu masu kyau, sandunan koyon tafiya, tabarmin motsa jiki, banɗaki mai abin riƙewa, ɗan kicin na koyon girki, da albashin ma'aikata. Injin hoton ƙwaƙwalwa guda ɗaya ya fi kayan ɗakin gaba ɗaya tsada. Sannan a lissafa asarar ƙin yin sa: magidanci mai shekara 35 da zai kwanta shekara ashirin, matarsa da ta bar sana'a, 'ya'yan da suka bar makaranta, da dawowar da zai riƙa yi asibiti da gyambo da ciwon huhu yana cin gadon da aka ce babu. Muna biyan kuɗin nan ko mun so ko mun ƙi, sai dai talaka ne ke biya, shi ya sa ba ya fitowa a kasafi.

Ga abin da nake nema, kuma babu ɗaya da ya gagara. Kowane asibitin koyarwa da kowane babban asibitin jiha da ke karɓar masu buguwar kai da shanyewar ɓarin jiki ya ware sashen farfaɗowa na kwana, da gadajensa da ma'aikatansa da kasafinsa. Kada a sallami kowa sai an gwada haɗiyarsa, an koya wa mai jinyarsa juyawa da ɗagawa da ciyarwa, da hannu, da Hausa, an kuma rubuta masa ranar dawowa. Jami'o'in Arewa su buɗe sassan horar da masu koyar da magana da masu koyar da ayyukan yau da kullum, domin mai raunin magana da harshensa ake farfaɗo da shi, kuma Bahaushen da ya rasa kalmominsa da Hausa za a nemo masa su. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da hukumomin taimakekeniya na jihohi su sa kwanciyar farfaɗowa cikin abin da suke biya. A horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa bin waɗanda aka sallama har gida. A dawo da dokar hular kwano da gaske, a kuma sa awon hawan jini ya zama abin yi a kowace kasuwa da kowane masallacin Juma'a.

Attajiranmu ma ina magana da ku. Kuna gina masallaci kusa da masallaci, kuna raba shinkafa da azumi a gaban kyamara. Ɗakin da zai mayar da magidanci kan ƙafarsa ya ciyar da iyalinsa sadaka ce mai gudana, kuma hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu suna iya riƙe shi. Malamai su hau mumbari su gaya wa jama'a cewa canjin hali bayan buguwar kai rauni ne kamar karaya, yana da masana, yana da magani. 'Yan jarida su daina tsayawa a adadin waɗanda suka mutu a haɗari, su koma bayan wata shida su nemo waɗanda aka ce sun jikkata, su nuna mana inda suke.

Ku kuma iyalai, ranar da aka miƙo muku takardar sallama, kada ku karɓa da godiya kawai. Ku tambaya: an gwada haɗiyarsa? Wa zai koya masa magana? Sau nawa za a yi masa gashi a mako, kuma wa zai biya? Me za mu yi in ya fara fisge-fisge? In aka ce babu, ku kai kukan ga ɗan majalisarku da kwamishinan lafiya da gidan rediyo, ku faɗi sunan abin da kuke nema. Zaɓe na zuwa, masu neman ƙuri'a za su shigo unguwa. A tambaye su gado nawa na farfaɗowa za su buɗe, a wane asibiti, a wace shekara. Wanda ya kasa amsawa bai cancanci ya riƙe lafiyar jama'a ba.